GONA DA GIDA: Saiwoyin Ƙasar Sin da Garkuwar Kajinmu

Ruwa ya ɗauke, ana ta kai amfanin gona gida, ba da daɗewa ba kuma iskar hunturu za ta taso. Duk mai kiwon kaji ya san abin da wannan iska takan zo da shi. Kaza takan tsaya cukus, ta saki fukafukai, ta yi koren kashi, wuyanta ya murɗe. Kafin mako ya kewayo akurki ya zama kango. Kajin nan kuwa ba abin wasa ba ne a gidajenmu. Su ne kuɗin makarantar yara, su ne naman Kirsimati, su ne abin da uwargida takan kama ta kai kasuwa ran da yaro ya kwanta ciwo. Daga cikinsu kuma ake fitar da baikon godiya.

A 'yan shekarun nan ana ganin waɗansu magunguna a shagunan kayan kiwo, masu rubutun Sinawa a jikin kwali. Masu sayarwa suna cewa an yi su da saiwoyi da ganyaye, suna kuma ƙarfafa garkuwar jikin kaji. Tambayoyi uku ne mutane suke yi a kansu. Na fari, gaskiya ne suna aiki? Na biyu, ya halatta mai bi ya yi amfani da su? Na uku, in na ba kajina su, sai in bar rigakafi? Bari mu bi su a hankali.

Mece ce garkuwar kaza?

Allah bai bar kaza haka kawai ba, ya sa mata masu tsaro a cikin jiki. In kun taɓa fiɗar ɗan tsako mai mako huɗu ko biyar, za ku ga wata 'yar jaka fara a bayan hanji, dab da dubura. Yawancinmu mukan yar da ita tare da kayan ciki. Wannan jaka ita ce makarantar da ake horar da waɗansu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne su ƙera makamai na musamman domin kowace cuta.

A shekara ta 1956 aka bayyana amfanin jakar nan. Wani ɗalibi mai suna Bruce Glick, a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, ya cire ta daga jikin waɗansu 'yan tsaki. Bayan sun girma, abokin karatunsa ya ari kajin domin ya nuna wa 'yan aji yadda jini yake ƙera makamai in an sa masa ƙwayar cuta. Sai aka ga yawancin kajin da ba su da jakar sun kasa. Ban da ita akwai saifa, da waɗansu ƙullutai a jere a gefen wuya, da bangon hanji. Dukansu suna cikin rundunar tsaro.

Ɗan tsako yakan fito daga ƙwai da guzurin makamai da uwarsa ta zuba masa a gwaiduwa. Guzurin yakan ƙare cikin mako biyu zuwa uku. Daga nan sai abin da jikinsa ya ƙera da kansa. Rigakafi kuwa shi ne a nuna wa masu tsaron nan hoton ɓarawo tun bai zo ba. Ana sa wa kaza ƙwayar cutar da ba ta da ƙarfin kisa, jikinta ya koyi kamanninta, ya ajiye makamai yana jira. Ku riƙe wannan, gama a kansa sauran maganar ta tsaya.

Abin da Sinawa suka gāda

Kowace al'umma tana da magungunan gargajiya. Sinawa kuwa sun rubuta nasu. Wajen shekara dubu biyu da suka wuce suka tattara littafi mai magunguna 365, suka kasa su kashi uku: waɗanda ke gina jiki, da matsakaita, da masu kaifi waɗanda ba a daɗewa ana sha. A ƙarni na shida wani ma'aikacin hukuma, Jia Sixie, ya rubuta littafin noma wanda a ciki ya yi bayanin kiwon kaji da agwagi. Wani likita kuma, Li Shizhen, ya yi kusan shekara talatin yana bin duwatsu da ƙauyuka, yana tambayar manoma da mafarauta da masunta. A 1578 ya gama littafinsa mai magunguna 1,892, aka buga shi a 1596, bayan rasuwarsa. A 1608 waɗansu 'yan'uwa biyu masu maganin dabbobi suka fitar da littafi a kan jinyar dawaki.

Babbar koyarwar likitocinsu ita ce a ƙarfafa mai gida kafin a kori baƙo, a kuma tare cuta tun ba ta kama ba. Mu ma mun san wannan, tun da mukan ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Saiwar da suka fi dogara da ita domin wannan aiki suna kiranta huwangci. A jikin kwali za ku ga an rubuta Astragalus. Tsiro ne dangin wake da gyaɗa, yana son ƙasa mai sanyi da ƙarancin ruwa, ana noma shi a arewacin Sin, a lardunan Gansu da Shanxi da Mongoliya ta Gida. Bayan shekara biyu ko fiye a tono saiwar, a shanya, a yayyanka. Cikinta rawaya ne, tana da ɗan zaƙi. Sukan haɗa ta da waɗansu saiwoyi biyu su yi wani gari da ya fi shekara ɗari shida ana amfani da shi. Ma'anar sunansa ita ce shinge mai daraja mai tare iska, watau kamar zanar da mukan kafa ta gabas da akurki in hunturu ya matso.

Me ya sa suka koma ga saiwoyi yanzu?

Ba son al'ada kaɗai ya kawo wannan ba, tilas ce. Ƙasar Sin ita ke samar da wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwan da ake samu a duniya. Shekaru da yawa manyan gonakinsu, kamar na sauran ƙasashe, suna zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, a cikin abincin kaji da aladu kowace rana. Ba don dabbobin suna ciwo ba, sai don su yi saurin girma. A hankali ƙwayoyin cuta suka saba da maganin, suka daina jinsa.

A 2015 masana a Sin suka ba da labarin da ya tayar wa likitocin duniya hankali. Sun sami ƙwayoyin cuta a jikin aladu, da naman kasuwa, da marasa lafiya a asibiti, waɗanda ba su jin wani magani mai suna kolistin. Shi kuwa kolistin yana cikin magungunan ƙarshe da likita yakan ɗauko in sauran sun kasa. A 2017 gwamnatinsu ta hana sa shi a abincin dabbobi domin girma. Daga ran 1 ga Yuli 2020 kuma ta hana kamfanoni yin abincin dabbobi mai ɗauke da kowane maganin sa girma, in ban da na saiwoyi da ganyayen gargajiya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun riga sun yi irin wannan hani tun 2006.

Wannan doka ta sa jami'o'i da kamfanonin Sin suka duƙufa kan tsofaffin littattafansu. Kundin magungunan dabbobi na ƙasar yana da sashe guda na magungunan gargajiya, inda aka ƙayyade kamannin kowace saiwa, da yadda za a gane ta gaskiya, da yawan da za a bayar.

Abin da gwaji ya nuna

Ba saiwar ake jefa wa kaji su yi ta tsattsaga ba. Ana dafa ta a ruwa, a tace, a fitar da wani sinadari mai kama da sukari mai dogon zare. Shi ake mayarwa gari, ko ruwan sha, ko allura.

Ga yadda ake gwada shi. A ɗauki 'yan tsaki masu kwana ɗaya, iri ɗaya, a raba su kashi biyu. Dukansu a ba su abinci ɗaya, a yi musu rigakafin Niyukasal, watau annobar nan ta hunturu da muka ambata a farko. Kashi ɗaya kaɗai za a ƙara wa huwangci. Bayan 'yan makonni a ɗebi jininsu a auna. An yi irin wannan gwaji sau da yawa, a Sin da waɗansu ƙasashe. Sau da dama an iske kajin da suka sha huwangci suna da makamai a jini fiye da 'yan'uwansu, jakar nan tasu da saifa sun fi girma, hanjinsu kuma ya fi lafiya. Bayanin masana shi ne sinadarin yana zaburar da fararen ƙwayoyin jini, yana kuma ciyar da ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji.

Amma fa sakamakon ba ɗaya ba ne kullum. Ya danganta ga inda aka noma saiwar, da shekarunta, da yadda aka tace ta, da yawan da aka bayar. Ƙara yawa ba ya ƙara amfani. Yawancin gwaje-gwajen kuma an yi su ne a ɗakuna masu tsabta, a kan kajin gona masu cin cikakken abinci, ba kajin da suke yini suna tono a juji ba.

To, amsar tambaya ta fari ke nan. I, saiwar tana da amfani, amma ku lura da irin amfanin. Tana ƙara wa masu tsaro kuzari, ba ta nuna musu fuskar ɓarawo. Mai gadi ƙaƙƙarfa wanda bai san wanda zai kama ba, ɓarawo zai wuce ta gabansa har ya gaishe shi.

Su kansu Sinawa ba su bar rigakafi ba

A 1996 aka fara ganin murar tsuntsaye mai kisa a jikin wata dinya a lardin Guangdong. A 1997 ta kama mutane a Hong Kong, aka hallaka kaji fiye da miliyan ɗaya domin a tsayar da ita. Wannan cuta ce ta iso Nijeriya, aka tabbatar da ita a wata gona a Jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006. Sinawa suna da huwangci a gonakinsu, suna da littattafan kakanninsu, duk da haka tun 2005 suka mai da rigakafin murar tsuntsaye tilas ga kajin ƙasar.

A 2013 wani sabon nau'in murar ya ɓulla a can. Ya kama mutum fiye da 1,500, wajen 600 suka mutu. A Satumba 2017 aka soma yi wa kaji rigakafinsa a ko'ina cikin ƙasar, daga nan masu kamuwa suka ragu ƙwarai, sai ɗaiɗai. Ashe masu saiwar da kansu, da annoba ta zo, rigakafi suka kama. Saboda haka duk mai sayarwar da ya ce muku garinsa ya isa, ba sai kun yi rigakafi ba, yana faɗin abin da masu abin ba su faɗa ba. Har wa yau babu ganye, babu ƙwaya, babu allurar da take warkar da Niyukasal in ta riga ta kama kaza. Amsar tambaya ta uku ke nan: a'a.

Ganye ma yana da kaifi

Waɗansu suna tsammani duk abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Ba haka ba ne. Sinawa suna da wata saiwa mai ɗaci, changshan, wadda suka daɗe suna sha domin zazzaɓi. Tana saukar da zazzaɓin, amma tana sa amai mai tsanani. Masana suka fitar da sinadarinta, suka gyara shi, ya zama maganin ciwon kashin jini na 'yan tsaki. Kun san nawa ake sawa? Giram 3 kawai a tan ɗaya na abinci, watau buhu 40 masu kilo 25. In ya wuce haka kaji su daina ci, su rame. Ba a kuwa ba kaji masu yin ƙwai. Tsakanin magani da guba, ma'auni ne kawai.

Haka labarin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke karɓa a asibitocinmu yau. Daga wani ganyen Sin aka samo shi, dangin tazargade. Wata masaniya, Tu Youyou, ta sami haske daga tsohon littafi, ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarin a 1972, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Ɗaruruwan ganyaye suka gwada kafin su dace da wannan. Abin da ya ceci rayuka shi ne ganye tare da gwaji da ma'auni.

Ya halatta ga mai bi?

Littafin Farawa ya koya mana Allah ne ya halicci tsire-tsire, ya kuma danƙa wa mutum kula da dabbobi. Sa'ad da sarki Hezekiya ya kwanta da maruru har ya kusa mutuwa, Allah ya ji addu'arsa, annabi Ishaya kuwa ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a wurin. Addu'a da magani suka tafi tare. Luka, wanda ya rubuta Bishara, likita ne.

Gaskiya ne Sinawa na dā sun danganta sanin ganyaye ga wani sarkin almara mai suna Shennong, waɗansu har suna ƙona masa turare. Suna kuma bayyana aikin huwangci da cewa yana ƙara wani ƙarfin rai da suke kira ci. Ba lalle ne mu karɓi bayaninsu ba kafin mu amfana da saiwar. Saiwa ba ta da addini, ta Mahaliccinta ce, godiya kuma tasa ce. Iyakar da mai bi zai tsaya ita ce inda aka haɗa magani da tsafi, ko laya a ƙofar akurki, ko yanka domin iskoki. Wannan iyaka ɗaya ce, ko maganin daga Sin ya fito ko daga bayan gari.

Abin da za mu yi kafin hunturu

1. Ku yi wa kajinku rigakafin Niyukasal yanzu, tun suna lafiya. Jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya shirya, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wani iri mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya takan ishi kaji da yawa, saboda haka gidaje su haɗu. Zumuntar mata ko ƙungiyar matasa za su iya ɗaukar wannan hidima, su haɗa da maƙwabta duka, gama cuta ba ta tambayar addinin mai akurki. Masu kajin gona kada su manta da rigakafin Gumboro, cutar da take lalata jakar nan a tsakanin mako uku zuwa shida.

2. Kada ku ba kaji hatsi ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna. Gubar fumfuna tana ƙanƙantar da jakar tsaro, har rigakafi ya kasa kamawa. A 1960 garin gyaɗa mai fumfuna ya kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila. Ba saiwar da za ta gyara abin da ruɓaɓɓen abinci ya ɓata.

3. Ku ƙara musu dusa, da gara, da ɗanyen ganye. Ganyen zogale yana da abin gina jiki da bitamin, yana kuma tsaye a bayan ɗakinku, ba sai an kawo shi a jirgi ba. Ruwan sha ya zama mai tsabta kullum.

4. Kazar da kuka sayo a kasuwa, ko aka ba ku kyauta, ku ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi. Kada mai bi ya kai kaza mai ciwo kasuwa domin ya tsira da kuɗinsa, ya kai wa ɗan'uwansa annoba gida. In kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, ku sanar da ma'aikacin dabbobi, kada kuma yara su taɓa su.

5. In kuna da hali kuna so ku sayi maganin huwangci, ku saya bayan kun biya kuɗin rigakafi da abinci, ba kafin ba. Ku duba lambar hukumar NAFDAC, da ranar ƙarewar aikinsa, da sunan abin da ke ciki, da yawan da za a bayar. Kwalin da ba mai iya karanta shi a garinku, ku bar shi a shago.

6. Ku daina fasa kafson mutane kuna zubawa a ruwan kaji. Antibayotik ba ya taɓa ƙwayar Niyukasal, sai dai ya koya wa waɗansu ƙwayoyi taurin kai, kamar yadda ya faru a Sin. Wata rana ɗanku ne zai bukaci maganin, a iske ba ya ci.

Darasin da ya fi saiwar

Iyayenmu mata sun daɗe suna jiƙa wa kaji sassaƙen maɗaci, da barkono, da tafarnuwa, da citta. Mai yiwuwa a cikinsu akwai masu amfani kamar huwangci, akwai kuma waɗanda wahala ce kawai. Ba za a rarrabe ba sai an rubuta, an auna, an gwada. Tsofaffin da suka san itatuwan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, itatuwan kuma gatari yana cinye su.

Ku sa ɗanku ɗan makaranta ya sayi littafin rubutu, ya zauna wurin kakarsa. Ya rubuta sunan itace, da sashen da ake ɗiba, da yawansa, da kwana nawa ake bayarwa. In kaza biyu sun ƙyanƙyashe a mako ɗaya, ku yi wa 'yan tsakin duka rigakafi, ku ba na uwa ɗaya garin zogale ko tafarnuwa, ku bar na ɗayar. Bayan wata uku ku ƙirga waɗanda suka rayu, ku gwada nauyinsu. Gida ɗaya ba zai isa a yanke hukunci ba, amma in gida ashirin a ikkilisiya ɗaya suka yi haka suka haɗa littattafansu, za su san abin da ba su sani ba a dā. Ku aiko mana da abin da kuka gani, mu kuwa za mu buga shi a wannan fili domin amfanin kowa.

Ubangiji Yesu ya kwatanta ƙaunarsa da yadda kaza take tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fukafukanta. Wanda ya lura da kaza har haka, ba zai rena ƙaramin garken da ya ba ku amana ba. Mu kula da shi da aminci, mu yi abin da ke hannunmu a kan lokaci, mu roƙi albarkarsa a kan sauran.

Allah ya kiyaye gidajenku da dabbobinku a wannan hunturu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan ajiyar hatsi a rumbu.